Ziyarar ramukan yaƙi na Cu Chi a Biyetnam

Na bi ayarin wani kamfanin yawon buɗe ido daga birnin Ho Chi Minh zuwa Cu Chi, tafiyar kusan awa biyu a mota, domin in ga ramukan da mayaƙan Biyetnam suka yi shekaru suna zaune a ciki. An fara haƙa su a ƙarshen shekarun 1940, lokacin yaƙi da Faransa, aka faɗaɗa su a shekarun 1960 bayan shigowar Amurka, har tsawonsu ya kai kilomita 200 ko fiye, hawa uku, na can ƙasa yana da zurfin kimanin mita 10. Da fartanya da kwando aka yi wannan aiki. Wuri biyu ake buɗe wa baƙi, Ben Dinh da Ben Duoc, mu kuwa Ben Dinh aka kai mu saboda ya fi kusa da birni.

Ja-goranmu ya tsayar da mu a wani fili mai busassun ganye, ya ce mu nemo ƙofar rami. Muka yi ta dube-dube, ba wanda ya gano ta. Sai ya share ganyen da ƙafa, ya ɗaga wani ɗan murfin katako, sai ga bakin rami wanda mutum ba ya shigewa sai ya miƙe hannuwansa biyu sama. Nan take na fahimci yadda aka yi sojojin Amurka suka kai manyan farmaki biyu, Crimp a 1966 da Cedar Falls a 1967, suka kuma yi ruwan bama-bamai da jiragen B-52 waɗanda har yau ana ganin kwazazzabon da suka bari, amma ramukan suka gagare su.

Ɓangaren da ake barin baƙi su shiga bai wuce mita 100 ba, an faɗaɗa shi, an sa 'yan fitilu, an kuma yi mafita bayan kowace mita 20. Duk da wannan sassauci, a mafita ta biyu na fito. Tafiyar a duƙe ake yin ta, wani wurin ma sai da rarrafe, ga zafi, ga ƙarancin iska, ba ka jin komai sai nishin wanda yake gabanka. Da na fito sharkaf da gumi, gwiwoyina duk jar ƙasa, sai maganar da ja-goran ya yi tun farko ta zauna mini sosai, cewa a nan mutane suka kwana suka tashi tare da kunamu da shanshani da zazzaɓin cizon sauro, a nan aka yi wa masu rauni aiki. Haka kuma na tausaya wa sojojin ɗaya ɓangaren, waɗanda ake kira ɓerayen rami, da ake turawa ciki daga su sai tocila da ƙaramar bindiga.

Abin da ya fi burge ni shi ne ɗakin girki. Murhun, wanda ake kira Hoang Cam, yana da dogayen hanyoyi a ƙarƙashin ƙasa da ke jan hayaƙi nesa, ya fita kaɗan-kaɗan yana bin ƙasa kamar hazon asuba, don kada jirgi ya hango shi. Kafofin shan iska kuwa an gina su da siffar suri. Waɗannan dabaru sun koya mini tarihin wurin fiye da tarkunan tsinin gora da aka jera ana nunawa, ko da yake su jama'a suka fi yi wa cincirindo.

Inda kamfanin ya gaza shi ne rabon lokaci. An tsaya da mu a wani shagon kayan sana'ar hannu a hanya, sannan aka ba da dogon hutu a filin harbi inda baƙi ke sayen harsashi su gwada AK-47, alhali bayanin asibitin ƙarƙashin ƙasa a gurguje aka yi shi. Ƙarar bindigar tana cika dajin, kuma a ganina ba ta dace da wurin da dubban mutane suka rasa rayukansu ba. Ya kamata mai zuwa ya kuma sani cewa labarin da zai ji na ɓangaren mayaƙan ramukan ne, waɗanda suka yi nasara a yaƙin a 1975, don haka yana da kyau ya ɗan yi karatu kafin ya iso.

Ziyarar ta cancanci kuɗinta da wahalarta. Shawarata ga wanda tarihi ya kawo shi ita ce ya yi sammako, ya sa tufafin da ba ya jin ƙyashin su ɓaci, ya kuma nemi a kai shi Ben Duoc, inda cunkoso bai kai haka ba kuma akwai ginin tunawa mai ɗauke da sunayen mamatan yaƙi fiye da 44,000. Mai ciwon asma ko tsoron ƙuntataccen wuri yana iya tsayawa a sama, zai ga murhun da kafofin iskar, zai kuma samu dafaffen rogo da dakakkiyar gyaɗa da gishiri da ake ba baƙi a ƙarshe, irin abincin da mazauna ramukan suka rayu a kansa.