Soyayya a Faransa ko a Amurka: wanne za ka ɗauka?

Littattafan soyayya na matasa da aka gina kan zamanin juyin juya hali sun fi karkata wuri biyu: Amurka da Faransa.

Na Amurka, tsakanin 1775 da 1783, yawanci rigimar cikin gida ce. Uban yarinya yana bayan Sarkin Ingila, saurayinta kuwa ya bi rundunar George Washington, jagoran masu yaƙin ƙwatar 'yanci daga Ingila. Ana ɓoye wasiƙa a kwandon wanki, ana zaman jira. Akwai daɗi, kuma hankalinka a kwance yake.

Na Faransa ba ya barin ka ka numfasa. Tun faɗuwar kurkukun Bastil ranar 14 ga Yuli 1789, balle bayan an fille kan Sarki Louis na 16 a Janairun 1793, kowa tsoron maƙwabcinsa yake. 'Yar sarauta ta datse gashinta, ta sa tsumma. Ɗan mai gasa burodi ya ɓoye ta a bayan buhunan fulawa, alhali ya san irin gidan su yarinyar ne suka bar ƙannensa da yunwa. Wannan jayayyar da ke ransa ita ke kama ni. Na Faransa nake ɗauka, ko da zan kwana ban runtsa ba.