Wata uku da sa wa tsohuwar laftof ɗina SSD

Laftof ɗina RAM ɗinta, wato ma'adanar wucin gadi da take riƙe aikin da ake kan yi, gigabayit 4 ne kacal, kuma ta daɗe tana gasa mini aya a hannu. Da na buɗe shafuka goma sha wani abu a burauza, na haɗa da Word, sai linzami ya tsaya cak, 'yar fitilar faifan ajiyar bayanai ta kama ta ƙi mutuwa. In ka kasa kunne har ƙaraf-ƙaraf ɗin faifan za ka ji daga ciki.

Na yi ta zargin bairos, ashe ba ruwansa. Idan RAM ta cika, Windows kan kwashe bayanan da aka jima ba a taɓa ba, gutsure-gutsure masu kilobayit 4, ta jibge su a wani ɓoyayyen fayil da ke kan faifan, a sashen C, mai suna pagefile.sys. Ka koma kan manhajar, sai an ɗebo su, an kuma kori wasu don a samar musu wuri. To, RAM na amsawa cikin kamar nanosakan 100, faifai mai juyawa kuwa sai ya ci wajen milisakan 10 kafin allurarsa ta lalubo wurin. Ninki dubu ɗari fa ke nan! Kwamfutar ta koma jigila, aikina na jira.

Wautar da na fara yi ita ce kashe fayil ɗin ɗungurungum, don na karanta a intanet wai shi ne mai laifin. Kwana biyu na yi ina murna. A rana ta uku gargaɗin ƙarancin ma'adana ya fito, burauza ta rufe kanta, ta tafi da fom ɗin da na shafe rabin awa ina cikewa. Ba shiri na mayar da shi, na bar Windows ta riƙa auna girmansa da kanta.

Daga nan na maye gurbin faifan da SSD, wato ma'ajiyar bayanai da ba ta juyawa, mai gigabayit 256, irin mai mahaɗin SATA. Gaskiya ya biya ni. Jigilar ba ta daina ba, don a Task Manager, tagar da Windows ke nuna aikin kwamfuta, ina ganin abin da aka ware wa manhajoji ya haura gigabayit 6, alhali RAM 4 ce. Sai dai SSD ba shi da allura, yana amsawa cikin kamar kashi ɗaya bisa goma na milisakan, don haka tsayawar minti guda ta koma ɗan jim. Masu cewa yawan rubuta bayanai a kansa zai cinye shi da wuri ba su ɗaga mini hankali ba. Manhajar duba lafiyarsa ba ta nuna wani abin damuwa ba tukuna.

Inda ya gaza: in ina kiran bidiyo, ga gyaran hoto a buɗe, murya kan yanke, tagogi su yi nauyi. Komai saurinsa, bai kama ƙafar RAM ba. Da na kwance murfin ƙasa don sa shi, na ga ramin RAM na biyu babu komai a ciki. Shi zan cike nan gaba.