Shaidar CTRS da Awa 50 Ɗinta: Kwalliya Tana Biyan Kuɗin Sabulu?

A asibitocin Amurka da Kanada akwai wani ma'aikaci da baƙo zai ɗauka zaman kashe wando yake yi. Yau ka gan shi da karta a hannu, gobe da tukunyar shuka, jibi yana raka masu keken guragu filin ƙwallon kwando. Amma jinya yake yi, jinya ta hanyar wasa da nishaɗi, kuma akwai sunan majinyaci da burin da ake son ya cimma a rubuce cikin fayil kafin a taɓa kartar nan. Abin da ya raba shi da mai ɗebe wa marasa lafiya kewa kawai shi ne haruffa huɗun da ke bayan sunansa, CTRS, wato shaidar ƙwarewa a jinya ta hanyar wasa da nishaɗi. Hukumar NCTRC, mai tantance ma'aikatan wannan fanni, ita ce ke ba da wannan shaida. An kafa ta a 1981, ofishinta yana jihar New York, kuma ba ta gwamnati ba ce.

Samun shaidar a karon farko sananne ne: digiri na farko a fannin, horon aiki na awa 560 cikin mako 14 a ƙarƙashin wanda ya riga ya mallaki CTRS, sai jarrabawar canki-canka a kan kwamfuta. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Abin da ya fi cin kuɗi da lokacin ma'aikaci shi ne riƙe shaidar bayan ta zo hannu, kuma wannan ɓangare na hidimar hukumar ne muka ɗora a sikeli.

Tsarin hawa biyu ne. Duk shekara akwai fom da kuɗin sabuntawa. Duk shekara biyar kuma akwai babbar sabuntawa, inda mutum zai zaɓi ɗaya cikin biyu: ko ya kawo hujjar aikin awa 480 a fannin tare da awa 50 na ƙarin ilimi, ko ya sake zama jarrabawa.

Awa 480 ba abin tayar da hankali ba ne. In ka raba shi biyar, awa 96 ke nan a shekara, bai ma kai awa biyu a mako ba. Mai cikakken aiki yana gamawa da shi cikin mako 12. Kuma ba zama da majinyaci kaɗai ake ƙirgawa ba, koyarwa da shugabantar sashe da sa ido kan ma'aikata duk suna shiga. Wannan sassauci yana da amfani ga matar da ta ajiye aiki shekara biyu don goyo, ko wanda ya koma aikin wucin gadi. Illarsa ita ce mutum na iya shekara biyar bai tantance majinyaci ko ɗaya ba, shaidarsa kuma tana nan daram.

Awa 50 ɗin ne ke kayar da mutane, ba don yawansa ba, awa goma ne fa a shekara, sai don ba kowane karatu ake karɓa ba. Hukumar takan yi bincike a tsakanin masu aikin ta fitar da jerin ilimin da sana'ar ke buƙata, ta yi a 2014, ta sake a 2021. Duk bitar da za ka kawo dole ka iya nuna gurbinta a wannan jeri: tantance majinyaci, tsara jinya, aiwatarwa, auna sakamako, rubuta rahoto, tafiyar da sashe, ladubban aiki. Horon taimakon gaggawa da na farfaɗo da wanda numfashinsa ya tsaya, waɗanda asibiti ke tilasta wa kowa, ba sa shiga lissafi. Da yawa sukan ji haushin wannan, tunda sun ɓata yini guda a kai. Amma hukumar ta yi daidai. Horon nan na kowane ma'aikacin lafiya ne, bai ƙara wa mai CTRS komai a kan abin da ya keɓanta da shi ba.

Inda aka fi ruɗewa shi ne bitar koyon wani wasa ko sana'ar hannu. A ce an shirya yini biyu kan aikin lambu: yadda ake haɗa ƙasa da taki, lokacin dashe, ban ruwa. Wannan ba zai wuce ba, komai kyansa, domin lambu aka koya maka. Amma in bitar ta tsaya kan yadda ake amfani da lambu wajen jinyar tsofaffi masu ciwon mantuwa, wato wa ya dace a sa, wane tsayin teburin shuka ne mai keke zai iya kaiwa, wace shuka za a guje wa saboda wani na iya kai ta baki, me za a auna bayan mako shida, to ta shiga. Taken da ke kan takarda da bayanin manufar bitar su ne mai dubawa zai karanta, ba abin da ya faru a zauren ba. Saboda haka kafin ka biya, nemi rubutacciyar manufar bitar ka ɗora ta kan jerin hukumar. Wasu masu shirya bita sukan nemi amincewar NCTRC tun kafin su tallata, kuma sukan rubuta haka a sanarwarsu. Wannan yana rage fargaba sosai.

Sai lissafin CEU, ma'aunin da akasarin takardun bita ke zuwa da shi. CEU ɗaya awa goma ne. Takardar da aka rubuta 0.6 a kanta awa shida ce, awa 50 kuma CEU 5.0 ne. Kuskuren yana zuwa ta fuska biyu: wani ya ga 0.6 ya ɗauka bai kai awa guda ba ya jefar da takardar, wani kuma ya je taron kwana uku ya rubuta wa kansa awa 24 alhali zaman karatun da ya shiga bai wuce rabin haka ba. Cin abinci da zagaya rumfunan 'yan kasuwa da gaishe-gaishe ba karatu ba ne.

Hukumar tana zaɓo wasu daga cikin masu sabuntawa ta ce su kawo hujjar duk abin da suka rubuta a fom. A nan ne rashin adana takarda ke tona asiri. Takardar shaidar halarta mai amfani tana ɗauke da sunanka, taken zaman, kwanan wata, yawan awa ko CEU, da sunan waɗanda suka shirya. Rasit ɗin biyan kuɗi ba hujjar halarta ba ce, hoton da ka ɗauka a ƙofar zaure ma haka. Kwanan watan kuma dole ya faɗa cikin shekara biyar ɗinka, abin da ka yi kafin zangon ya fara ya tafi a banza. Abin da ya fi sauƙi shi ne a ranar da aka ba ka takarda ka ɗauki hotonta, ka ajiye a wuri biyu tare da jadawalin taron, ka rubuta a gefe wane gurbi na jerin ta cike. Kamfanin da ya shirya bita a intanet yau ba lallai ka same shi ba bayan shekara huɗu in ka koma neman kwafi.

Akwai gajerun hanyoyi na halal. Darasin jami'a mai nauyin kiredit uku a zangon karatu yana ba da awa 45, saura biyar ke nan. Gabatar da maƙala a taro ko wallafa rubutu ma ana ƙirgawa, sai dai ba za su wuce rabin awa 50 ɗin ba. Wannan ƙa'ida ma tana da ma'ana: wanda kullum shi ke magana, ya kamata wani lokaci ya zauna ya saurara.

Babban raunin tsarin shi ne zama yake aunawa, ba iyawa ba. Mutum na iya kunna bidiyo awa 50 yana wanke-wanke, ya amsa 'yan tambayoyin ƙarshe, ya sami takarda mai hatimi daidai da ta wanda ya yi karatun gaske. Bambancin sai a fayil ɗin majinyaci yake fitowa. Mu ɗauki dattijon da ya sami shanyewar ɓarin hagu, irin wanda ba hannu kaɗai ya mutu ba, har hankalinsa ba ya kaiwa ga abin da ke hagunsa. An zaunar da shi wasan karta da mutum uku. Wani ma'aikacin zai rubuta: ya halarci wasa, ya yi fara'a. Wannan rubutu bai gaya wa likita ko mai gashin ƙashi ko kamfanin inshora komai ba, kuma irinsa ne ke sa a fara rage kuɗin sashen in an zo tsuke bakin aljihu. Wanda ya san aikinsa zai rubuta cewa an jera katunan da gangan har zuwa gefen hagu na tebur, dattijon ya zauna minti 20 ba jingina, sau biyar aka tuna masa ya duba hagu a farkon wasa, sau biyu a ƙarshe, ya tallafe katunan da hannun hagu minti huɗu kafin su zube, kuma burin mako biyu shi ne ya ɗauko katin hagu ba tare da an tuna masa ba. Wasa ɗaya, tebur ɗaya. Awa 50 ɗin ba su tilasta wa kowa ya koyi rubutu na biyun ba, sun dai buɗe masa ƙofa. A ganina duk mai riƙe da shaidar nan ya ware aƙalla kashi ɗaya cikin uku na awanninsa ga tantancewa da rubuta rahoto, ko da yake su ne darussan da suka fi gundura, kuma zaurensu ba ya cika kamar na sabbin wasanni.

Ina ake samun awannin? ATRA, ƙungiyar masu wannan sana'a ta Amurka, wadda aka kafa a 1984, tana yin babban taro duk shekara, tana kuma da darussa a intanet. Taron ido da ido yana tara awanni da yawa cikin kwanaki kaɗan, ga ganin yadda wasu ke yi da hannunsu, amma kuɗin jirgi da otal sukan ninka na rajista. Na intanet ya fi araha, ingancinsa kuma hawa-hawa ne. Ƙananan tarukan ƙungiyoyin jihohi su ne tsaka-tsaki.

Hanyar sake jarrabawa kuwa ta dace da wanda ya wayi gari shekara ta biyar ta zo babu takarda a hannunsa. Sai dai jarrabawar ta game fannin gaba ɗaya, wanda ya shekara goma a sashen masu taɓin hankali zai tarar da tambayoyin yara da na raunin laka suna jiransa. A kuma lura cewa CTRS ba lasisi ba ce. Jihohi irin su Utah, North Carolina, New Hampshire, Oklahoma da New Jersey suna da lasisinsu na doka, da nasu ƙa'idojin sabuntawa da ranakunsu. Mai aiki a can kalanda biyu yake riƙewa.

Ga wanda zai yi aiki a Amurka ko Kanada, kuɗin da wahalar sun cancanta, domin guraben aiki masu yawa da shaidar suke tace masu nema, kuma dokokinta a rubuce suke ƙarara, wanda ya karanta ba zai sha mamaki ba. Ga ma'aikacin asibitin ƙashi na Dala ko na ƙwaƙwalwa da ke Barnawa lissafin daban ne. Horon awa 560 sai a ƙarƙashin mai CTRS, kuɗin shekara da dala ake biya, kuma shaidar ba ta maye gurbin rajistar MRTB, hukumar da ke kula da masu gashin ƙashi da sauran ma'aikatan farfaɗo da majinyata a Najeriya. Abin da zai iya ɗauka ba tare da ya kashe ko sisi ba shi ne jerin ilimin nan da ke shafin hukumar a intanet, ya sauke shi, ya ɗauko fayil uku na majinyatan da ya sallama a watan jiya, ya duba ko an rubuta buri mai lamba da wa'adi a cikinsu.