Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa: ina za a kai yara ranar Asabar?

Idan yaran gida ba su wuce shekara goma ba, ku zaɓi wuri ɗaya kawai. Wanda ya ce zai zagaye gidajen tarihin Kano duka a wuni guda, da kuka da rigima zai koma gida.

Gidan Makama shi ne babba, yana cikin birni dab da fadar Sarki. Tun ƙarni na 15 aka gina shi, a nan Muhammadu Rumfa ya zauna kafin ya hau sarauta a 1463, yanzu kuma yana hannun hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. Ɗakunansa a jere suke suna ba da labarin Kano tun daga sarakunan Haɓe zuwa jihadi, har zuwan Turawa a 1903. Yaron da ya kai aji huɗu na firamare zai amfana sosai, don abin da malami ke faɗa masa a aji zai gan shi da idonsa: tsofaffin ƙyamaren ƙofofin ganuwa, kayan yaƙi, kayan doki irin na hawan sallah, da kayan kiɗan fada. 'Yan mata kuwa a ɗakin amarya suke tsayawa, sai an ja hannunsu. Ginin kansa abin nunawa ne. Ku ɗaga kan yaro ya kalli azara da bakan gizon da magina suka ɗaura, ya taɓa kaurin bango, ya ji sanyin ɗakin alhali waje rana na dukan ƙasa. Matsalarsa ga ƙanana ita ce bayanin rubutu da hotuna sun yi yawa, ɗan shekara huɗu ba ya jure tsayuwar karatu.

Irin waɗannan Gidan Ɗan Hausa da ke Nassarawa ya fi dacewa da su. A nan Hanns Vischer, Baturen da Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya zauna, shi ne ya buɗe makarantar boko a unguwar a 1909. Kayan da ke ciki ba su kai na Gidan Makama yawa ba, amma akwai fili da inuwa, yaro zai iya motsa ƙafa, uwa ta zauna ta shayar da na goye. Ni wannan nake fifitawa ga masu ƙananan yara, kuma babu cunkoson cikin birni.

Idan da sauran ƙarfi bayan Gidan Makama, marinar Ƙofar Mata ba ta da nisa. Yara na jin daɗin ganin farin ƙyalle ya shiga baba ya fito shuɗi, sai dai a riƙe hannunsu gam, ramukan na da zurfi.

Maganar lokaci ma ta shiga lissafi. Yara da yawa na da Islamiyya Asabar da Lahadi, don haka a nemi izinin malam tun da wuri, a fita da hantsi a dawo kafin azahar, musamman a bazara. Ranar Juma'a hanyar fada na cika da masallata. A riƙe kuɗi a hannu saboda kuɗin shiga da ɗan alherin mai zagayawa da baƙi, a tafi da ruwan sha, kuma a nemi izini kafin a ɗauki hoto a cikin ɗakunan.