Hattara da masu cewa "Alhaji, motarka tana zubar da ruwa" a hanyar Kano zuwa Kaduna

Assalamu alaikum 'yan uwa masu mota, musamman masu yawan bin hanyar Kano zuwa Kaduna. Abin da zan faɗa a kaina ya faru, kuma har yanzu in na tuna raina yana ɓaci.

Na taso daga Kaduna da iyalina a Corolla ɗina, rana ta take, AC a kunne. Mun wuce Zariya kaɗan muka shiga cunkoso, sai wani a kan babur ya matso yana buga min gilashi: "Alhaji tsaya, ruwa na zuba a ƙarƙashin motarka, injinka zai ƙone!" Na gangara gefe, na leƙa, ga ruwa kuwa yana ɗiga. Kafin in miƙe wani mai kaya duk baƙin mai ya iso da sifana a hannu, wai garejinsa na nan kusa. Na buɗe masa bonet. Mai babur ya ja ni bayan mota yana nuna min salansa, yana tambayata ko ta saba yin farin hayaƙi. Ko minti biyu ba mu yi a wurin ba.

Da muka dawo bakaniken ya ce in tayar da mota mu gani. Muna tsaye, allurar zafi ta fara hawa har ta kusa ja. Ya girgiza kai ya ce gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa, ya ƙone, sai an sauke kan inji, naira 150,000. Ga yara a mota, ga la'asar ta yi. Da na ce ba ni da su, sai ya sauko, wai bari a gwada canza famfon ruwa da tamostat (abin da ke daidaita zafin inji), a zuba sabon kulan (ruwan sanyaya inji), ko Allah zai sa ta kai ni gida. Na tura masa 70,000. Ya sa muka koma inuwa, bayan awa ɗaya ya kira ni, allura ta dawo daidai. Har godiya na yi masa.

Washegari na kai wa bakanikena na Kano, wanda ya shekara 8 yana duba min mota. Ya haska fitila ya ce: "Yallaɓai, zo ka gani." Kusoshin famfon ruwan na nan da ƙurarsu da tsatsarsu, sifana ba ta taɓa su ba. An dai goge bayan famfon da fetur don ya yi ƙyalli. Tamostat kuwa an cire nawa mai kyau, ba a mayar da komai ba. Kulan ɗina na asali an tsiyaye shi, an cika lagireto da ruwa mai kala. A jikin soket ɗin fanka ga shatin yatsu na baƙin mai. Wato lokacin da aka ja ni wajen salansa ne aka zare shi. Mota a tsaye, fanka ba ta juyawa, dole ta yi zafi. Da ya karɓi kuɗi sai ya mayar da soket, shi ke nan gyaran.

Ruwan da na gani yana ɗiga fa? Na AC ne. Duk motar da AC ɗinta ke aiki tana ɗigar da shi ta wajen ƙasan kujerar mai zaman banza, fari tas, ba wari, ba santsi. Kulan yana da kala, kore ko ja ko ruwan hoda, yana da santsi a yatsa da ɗan ƙamshi mai zaƙi. Abin da ya fi ci min rai shi ne kafin in tsaya allurata tana tsakiya, inda take kullum. Motar lafiyarta ƙalau.

Don Allah, in wani ya tare ka da irin wannan magana, fara duban allura. In tana wurinta, ci gaba da tafiya har gidan mai ko wurin da jama'a suke. In kuma da gaske ta hau, kashe AC, kunna hita har ƙarshe don ta janye zafi daga inji, ka samu wuri ka kashe mota. Kada ka buɗe murfin lagireto sai bayan aƙalla minti 30. Ruwan ciki a matse yake, zafinsa kan wuce digiri 100, in ya yi tsartuwa sai ya saɓule fatar fuska. Kada kuma ka yarda a kwara wa inji ruwan sanyi yana da zafi, kan silinda na iya lanƙwashewa ko ya tsage.

In ta huce, duba ruwa, duba robobin ko akwai wadda ta fashe, duba bel. Tayar da mota ka kunna AC: a irin motocinmu fanka za ta tashi nan take. In ba ta tashi ba, soket da fiyus da rile za a fara dubawa, abin da bai kai a sauke inji ba. Gasket in ya ƙone yakan nuna kansa: farin hayaƙi mai kauri da ba ya ɗaukewa, baƙin mai ya koma kamar shayi da madara, ruwan lagireto yana kumfa yana raguwa ba tare da ka ga inda yake zuba ba. Babu ko ɗaya cikin waɗannan a motata, kuma da na zaro sandar gwada baƙin mai da na gani.

Maganar cire tamostat ma, na san bakanikai da yawa suna yi da sunan wai ƙasarmu akwai zafi. Ban yarda da wannan ba. Shi ne ke riƙe inji a zafin da aka ƙera shi ya yi aiki, a Toyota da yawa yana buɗewa ne a wajen digiri 82. In babu shi mota ta fi shan mai, inji kuma ya fi saurin cinyewa. Sai da muka je kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa na sayi wani, muka wanke lagireto, aka zuba kulan na gaskiya.

In dole sai an taɓa maka mota a hanya, kira bakanikenka a bidiyo ya gani da idonsa, kada ka matsa daga gaban bonet ko taku ɗaya, kuma duk abin da aka ce an canza a ba ka tsohon a hannu kafin ka biya. Makon jiya na sake bin hanyar, na hangi mai babur ɗin nan yana bin wata mata mai Sienna yana nuna mata ƙasan motarta. Na yi ta danna mata hon ina yi mata alama ta wuce, Allah Ya sa ta gane ba ta tsaya ba.