Asibitin dabbobi na unguwarmu: aikin tiyatar da aka yi wa tunkiyata

Tunkiyata ta daina tuƙa, ta rame duk da dusa da harawar da nake zuba mata, shi ya sa na kai ta wani ƙaramin asibitin dabbobi da ke bayan kasuwar unguwarmu. Likitan ya danna kuiɓinta na hagu, ya ce ya ji wani dunƙule mai tauri a cikin tumbi. Ya bayyana mini cewa cikin tunkiya da akuya da saniya ɗaki 4 ne, na raƙumi kuwa 3 ne ko da yake shi ma yana tuƙa, kuma ƙananan halittun da ke cikin tumbi suna narkar da ciyawa amma ba sa iya narkar da leda.

A gabana aka yi tiyatar, aka zaro baƙaƙen ledoji a murɗe kamar igiya, har da guntun buhu, ga wari mai hawa kai. Ɗinkin ya yi kyau, kuma bayan 'yan kwanaki ta koma tuƙa.

Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne jiran da na sha tun hantsi har azahar, kuma babu rumfar da dabba za ta fake wa rana.