Sharhi Kan Manhajar Golly da Muhawarar Ko Duniya Lissafi Ce

Golly manhaja ce ta kyauta wadda Andrew Trevorrow da Tomas Rokicki suka fitar a shekarar 2005. Aikinta shi ne shimfiɗa fili wanda aka rarraba shi gida-gida, a mafi sauƙin tsari kowane gida ko dai yana kunne ko yana kashe, sannan a saki wata ƙa'ida guda ta riƙa sauya gidajen mataki bayan mataki. Tana aiki a kan Windows da macOS da Linux da Android, akwai kuma wadda ake buɗewa kai tsaye a intanet ba tare da an sauke komai ba. Abin da ya kai ni gare ta shi ne tsohuwar muhawarar nan ta ko duniya ɗungurungum ɗinta lissafi ce da ke gudana, ra'ayin da Bajamushe Konrad Zuse ya rubuta a 1969, Edward Fredkin ya yi shekaru yana kare shi, Stephen Wolfram kuma ya sake ɗaga shi a 2002. Kusan duk masu wannan ra'ayi da irin waɗannan filaye suke kafa hujja, don haka na ga ya fi dacewa in sa su a gabana in gani, maimakon in ci gaba da jin labarinsu a bakin masu jayayya.

Ƙa'idar da manhajar take buɗewa da ita ita ce ta wasan da masanin lissafi John Conway na Jami'ar Cambridge ya ƙirƙira ya sa masa suna Game of Life, wanda Martin Gardner ya gabatar wa duniya a mujallar Scientific American ta watan Oktoba 1970. Kowane gida yana da maƙwabta takwas. Gidan da yake kashe yana kunnuwa idan maƙwabtansa uku daidai suna kunne, wanda yake kunne kuwa yana dawwama idan maƙwabtansa biyu ko uku suna kunne, in ba haka ba ya mutu. Iyakar ƙa'idar ke nan, Golly ma a taƙaice take rubuta ta da B3/S23, wato lambar bayan B yawan maƙwabtan da ke kunna gida ce, lambobin bayan S kuma yawan waɗanda ke sa shi dawwama.

Gwajin da zan ba kowa shawarar ya fara da shi shi ne siffar da ake kira R-pentomino, mai gidaje biyar kacal: uku a jere a tsaye, ɗaya a hagun na tsakiya, ɗaya a daman na sama. Da fensirin manhajar ake zana ta, a danna Enter a zuba ido. Cikin ɗan lokaci gidaje biyar ɗin nan sun tumbatsa, suna tafasa ta wannan gefe suna lafawa ta wancan, wani tarkace ya zauna shiru har mutum ya ɗauka ya gama, sai wata guguwa ta taso daga gefe ta sake hargitsa shi. Ba ta natsuwa sai a mataki na 1103, da gidaje 116 a kunne, bayan ta harba 'yan ƙananan siffofi shida masu tafiya a karkace waɗanda ake kira gilaida. Ita gilaida gidaje biyar ce, duk mataki huɗu takan koma siffarta ta farko amma ta gusa gida ɗaya ta kusurwa, alhali babu inda ƙa'idar ta ambaci tafiya ko motsi. Babu gidan da ya matsa daga wurinsa. Kunnawa da kashewa ne kawai, ido ne yake ganin abu yana tafiya. Duk wanda ya ga wannan zai fahimci dalilin da ya sa masana masu hankali suka fara tambayar ko ƙwayoyin zarra ma haka suke.

Ma'ajiyar siffofin da manhajar take zuwa da ita ita ce babbar dukiyarta. A ciki akwai bindigar Bill Gosper ta 1970, wadda take fitar da gilaida ɗaya duk mataki 30, ita ce kuma ta ci kyautar dala 50 da Conway ya sa ga wanda zai nuna cewa siffa za ta iya girma ba iyaka. Akwai na'urar Turing, wato samfurin kwamfuta mai sauƙi da masanin lissafi Alan Turing ya tsara a rubuce, wadda Paul Rendell ya gina da gidajen wasan zalla, da na'ura mai haifar kanta irin wadda John von Neumann ya tsara wadda kowane gidanta yake da yanayi 29 maimakon kunne da kashe kawai. Wanda ya fi girgiza ni shi ne aikin Brice Due na 2006: wani katafaren gini mai faɗin gida 2048 da tsawon gida 2048 wanda gaba ɗayansa yake aiki a matsayin gida guda, yana ɗaukar matakai 35,328 kafin ya yi mataki ɗaya nasa. Idan aka jera irinsa da yawa aka ja da baya da kallo, sai a ga wasan Conway yana gudana a cikin wasan Conway. Masu son hujjar Nick Bostrom ta 2003, wadda take duba yiwuwar cewa muna cikin kwaikwayon kwamfuta, ba za su sami hoto mafi gamsarwa da wannan ba.

Abin da yake ba kwamfutar gida ikon tafiyar da irin waɗannan manyan siffofi shi ne dabarar lissafi mai suna Hashlife da Gosper ya wallafa a 1984. Tana yanka filin kashi huɗu, kowane kashi ta sake yanka shi huɗu, har zuwa ƙasa, tana kuma adana amsar duk wani yanki da ta taɓa lissafawa. Idan ta sake cin karo da irinsa a wani wuri ko a wani lokaci, ba ta maimaita aikin, sai ta ɗauko amsar daga ajiya, kamar ɗalibin da ya haddace jadawalin sau wanda ba ya bukatar ƙirga da yatsu. Da haka ake tsallaka biliyoyin matakai cikin daƙiƙoƙi. Sai dai dabarar tana da sharaɗi: siffar ta kasance mai maimaita kanta. Idan aka ba ta fili mai hargitsi, ma'adanar kwamfutar takan cika, gudun ya ragu, a nan gara a koma ga ɗaya dabarar mai suna QuickLife wadda take bin matakai a jere.

Wannan bambanci tsakanin dabarun biyu ya koyar da ni wani sashe na muhawarar fiye da duk bayanin da na karanta. Inda akwai tsari ana iya yanke hanya, inda babu kuwa dole a bi kowane mataki kafin a san ƙarshe. An kuma tabbatar cewa wasan yana iya gudanar da duk wani lissafin da kwamfuta za ta iya, saboda haka iyakar da Alan Turing ya gano a 1936 ta hau kansa: babu wata hanya ta gama-gari da za ta faɗi ko kowace siffa za ta mutu ko za ta dawwama. Ƙa'idar ta ƙayyade komai tun daga farko, duk da haka ba a iya sanin gaba sai an je. A kan wannan batu masu cewa duniya lissafi ce suna da gaskiya, kuma Golly ta nuna ta ƙarara. Matthew Cook ma ya tabbatar da irin haka ga wata ƙa'ida mai layi ɗaya da ake kira ta 110, a aikin da aka buga a 2004, ita ma ana iya gwada ta a manhajar.

Amma fa manhajar da ta ba su wannan hujja ita ce take tona asirin rauninsu, idan mutum ya daɗe yana kallo. Filin yana da alƙiblu da ya fifita: abin da yake tafiya a miƙe cikin fili fayau ba ya wuce gida ɗaya a mataki biyu, mai tafiya ta kusurwa kuwa ba ya wuce gida ɗaya a mataki huɗu. Da akwai mai hankali a cikin filin, da awon gudu kaɗai ya ishe shi gane cewa a kan gidaje yake zaune. Duniyarmu ba ta nuna haka ba. Tun gwajin Michelson da Morley na 1887 ake neman bambancin gudun haske ta fuskoki daban-daban ba a samu ba, kuma a 2009 na'urar hangen sararin samaniya ta Fermi ta kama hasken wata fashewa da ya yi tafiyar kimanin shekaru biliyan 7, mai ƙarfinsa da mai rauninsa suka iso da tazarar da ba ta kai daƙiƙa ɗaya ba, abin da ya ƙuntata wa wasu hasashen da suke cewa sarari gutsure-gutsure ne. Haka nan wasan Conway yana zubar da bayani, domin siffofi daban-daban suna iya komawa abu guda, ta yadda ba a iya gano jiya daga yau. Maɓallin komawa baya da ke cikin Golly tarihin da ta adana yake karantawa, ba ƙa'idar yake juyawa ba, alhali lissafin fiziks na Newton da na Schrödinger duk suna juyuwa. Sannan ga ka'idar John Bell ta 1964 da gwaje-gwajen da suka sa aka ba Alain Aspect da John Clauser da Anton Zeilinger kyautar Nobel a 2022, waɗanda suka nuna cewa alaƙar ƙwayoyin kwantam, wato mafi ƙanƙantar ƙwayoyin halitta irin su na haske, ta fi ƙarfin duk wani tsari mai sauƙi da maƙwabci ke shafar maƙwabcinsa kawai. Masu ra'ayin suna da amsoshi: Fredkin da Tommaso Toffoli sun tsara lissafi mai juyuwa a 1982, Wolfram ya bar filin gidaje ya koma ga sarƙar alaƙoƙi a 2020, Gerard 't Hooft kuma, wanda ya ci Nobel a 1999, yana ganin hatta zaɓin mai gwaji a ƙayyade yake tun asali. A ganina kowace amsa tana ƙara nisanta su da sauƙin da ya sa misalin ya burge tun farko.

Game da ƙirƙirarriyar basira, manhajar ba ta ɗauke da ita, amma tana kaifafa tambayar. Tunda wasan yana iya gudanar da kowane lissafi, to a ƙa'ida duk wata manhajar hira da ake yayi yanzu ana iya gina ta da gilaida, ko da za ta ci fili da lokaci marar misali. Mai cewa tunani lissafi ne kawai dole ya yarda cewa wannan fili na baƙi da fari zai yi tunani. John Searle, wanda ya kawo misalin ɗakin Sinanci a 1980, inda mutum yake bin ƙa'idoji yana ba da amsa da Sinanci alhali bai fahimci harshen ba, ya ƙi yarda da haka, yana mai cewa kwaikwayon ruwan sama a kwamfuta ba ya jiƙa kowa. Hashlife ta ƙara mini wata tambayar a kan tasa. Idan akwai mai ji da gani a cikin filin, kuma dabarar ta tsallake matakai miliyan ta hanyar ɗauko amsa daga ajiya, shin ya rayu cikin waɗannan matakai ko bai rayu ba? Sakamakon ɗaya ne da na QuickLife gida da gida, amma a ɗaya an bi hanyar, a ɗaya kuwa an ɗauko ƙarshenta ne kawai. Wanda ya ce ya rayu ya yarda cewa ba gudanar lissafin ba ne mai muhimmanci, kasancewar amsar ce. Wanda ya ce bai rayu ba kuwa ya yarda cewa akwai wani abu bayan shigarwa da fitarwa.

Ta fuskar amfani, fasalin manhajar na masu bincike ne, ba a yi masa ado ba, kuma bayanan taimakonta da Turanci suke, suna ɗauka cewa mai karatu ya riga ya san sunayen siffofi. Zane da yatsa a fuskar waya yana da wuya, kwamfuta mai linzami ta fi dacewa. Wanda ya iya harshen kwamfuta na Lua ko Python zai iya rubuta umarnin da zai zana siffofi ya kuma ƙirga sakamako da kansa, wanda bai iya ba ma babu abin da zai hana shi cin moriyarta. Ina ba malaman lissafi da na fiziks da ɗaliban kwamfuta shawarar su sauke ta, kuma bayan R-pentomino su gwada sauya ƙa'idar daga B3/S23 zuwa B36/S23, inda ƙarin lamba ɗaya tak yake samar da wata ƙaramar siffa mai kwafin kanta.